Ranar Da Zakaran Gari Bai Yi Cara Ba

Ranar Litinin ƙarfe shida na safe ya buga, Zakaran Gari bai yi cara ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan carar nan na tashin mutane daga rediyo: cara uku, sai dariya, sai wata murya mai kauri ta ce, "Ku tashi, 'yan uwa, katifa ba ta biyan albashi." Direbobin bas da ita suke tada mota, iyaye mata da ita suke yaye wa 'yan makaranta bargo. Ranar nan kuwa sai wani kiɗa marar kan gado da aka yi ta maimaitawa. Kafin bakwai ƙofar gidan rediyon ta cika maƙil. Wasu suka ce Zakara ya rasu, wasu suka ce kama shi aka yi. Da labari ya fito cewa sata aka yi, sai kowa ya zama ɗan sanda. Mai gadi ne, in ji masu shago. Masu fenti ne, in ji mai gadi. Ba wanda ya san abin da aka sace, amma kowa ya san ɓarawon.

Duba-Ƙasa ya iso a kan tsohon kekensa. Sunan ya bi shi ne saboda ko gaisawa yake da kai idonsa na kan ƙafarka. Mai bin sawu ne, ya fara da bin awakin da suka ɓace, ya ƙare 'yan sanda na aiko masa mota. A garin nan, in ya ce wannan sawun wane ne, alƙali ma ba ya ƙara tambaya.

A bakin ƙofa wani mutum gajere mai sanƙo ya rungume shi. Taron bai ko kalle shi ba, don ba su san shi ne Zakaran da suke wa kuka ba.

"Dogo, sun kashe ni," in ji shi. Shi kaɗai ke kiransa Dogo. "Akwatin muryoyina suka ɗauke. Carar, dariyar, hirarrakin, komai na shekara ashirin da biyu yana ciki. Ni na hana kowa taka barandar situdiyo, na ce sai ka zo."

"Ka yi daidai, Ɗan Tela," in ji Duba-Ƙasa a hankali, yadda ba wanda zai ji. Tun suna aji uku suke tare, kuma ya daɗe da koyon riƙe wannan sunan a cikin baki.

*

Barandar doguwa ce, daga ƙofar ma'aikata zuwa situdiyo. Ranar Asabar masu fenti sun kankare bangonta, suka bar farin gari shimfiɗe a ƙasa suka tafi hutu. Ranar Lahadi ba mai shiga, don injiniya daga ɗakinsa na baya yake sakin shirye-shiryen da aka naɗa. Da safen nan ta gilashi ya hango akwatin babu. Saboda haka sawu ɗaya ne tak a kan garin, ya tafi ya dawo.

Duba-Ƙasa ya tsuguna ya daɗe. Sufeton 'yan sanda ya tsaya a kansa yana ta duba agogo.

A farkon barandar akwai kanta mai takalman roba masu taushi. Ƙa'idar gidan ce, kowane mai gabatarwa ya cire nasa ya sa waɗannan, don makirufo ba ya raina ƙarar taku. Duba-Ƙasa ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wasu shuɗɗa, dunduniyar hagu da tsaguwa, ƙasansu fari fat.

"Na wane ne?"

"Na Na-Yamma," in ji injiniya. "Mai shirin kiɗan la'asar."

"Shi ke nan, an gama," in ji Sufeto.

"An fara dai," in ji Duba-Ƙasa.

Ya auna takun da igiyarsa. Gajere ne, na mutum mai ɗan jan ƙafar dama. Amma a tsakiyar barandar, daidai wata taga, takun ya yi tsawo sau ɗaya, ƙafar hagu ta ɗaga ta sauka can gaba da nauyi. A dawowa ma haka, a wuri guda. Ya duba ƙasan, ba rami, ba ƙusa, ba ruwa. Ya zana komai a takarda, sannan ya ce a bar mutane su wuce.

*

Mai gadi ya rantse har sau huɗu cewa bai motsa daga ƙofa ba. Duba-Ƙasa ya kalli ƙeyarsa.

"Askin nan na jiya ne, Baba."

Tsohon ya shafa kai, ya sunkuya. Kowace Lahadi da la'asar yakan tsallaka wurin mai aski na awa guda, kuma duk gidan an sani. Masu fenti kuwa uku ne, dukkansu ƙafarsu ta fi takalman nan da yatsa biyu. Mutanen waje dai sun rasa ɓarawonsu na farko da na biyu kafin hantsi, suka ji haushi sosai.

Manaja mutum ne mai ƙamshin turare da maganar takarda, shekara biyu da zuwansa gidan. Ya rufe ƙofar ofis kafin ya yi magana.

"Abin da zan faɗa maka sirri ne. Ƙarshen watan nan Zakara zai ajiye aiki."

Duba-Ƙasa ya ɗago kai. Jiya-jiya suka sha shayi tare, bai ji wannan ba.

"To shirin fa?"

"Shirin na nan. Sunan na nan. Na-Yamma zai hau kujerar."

"Ya zama Zakaran Gari? Ana gadon suna kamar riga?"

"Malam, me ka ɗauka ya sa muke ba su sunayen nan?" in ji manaja, yana murmushi. "Mutum yana tsufa, yana tari, yana neman ƙarin albashi. Suna ba ya yin ko ɗaya. Sunan na gidan nan ne, yana cikin takardar da ya sa wa hannu tun ranar farko. Carar ma tamu ce. Da ita za mu riƙa buɗe wa sabon Zakara shiri."

Duba-Ƙasa ya fito yana jin kamar ya wanke kunnensa. Bai taɓa son mutanen da ke murmushi suna yanka ba.

Na-Yamma na zaune a ɗakin jira, ɗan sanda a gefensa. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, siriri. Da ya tashi gaisawa, Duba-Ƙasa ya ga yana ɗan jan ƙafar dama.

"Ba-ba-baba, wa-wallahi ba ni ba ne."

"Kai ne mai zuba zance da la'asar kamar famfo?"

"Ni-ni ne. I-in na sa abin kunne, na ce 'Na-Yamma ke magana,' sai ta sa-sake ni. Wa-wancan mutumin ba ya in'ina. Ni ke yi." Ya share gumi. "Ji-jiya ina gida ni kaɗai, iyali sun je asibiti dubiya. Ba-ba ni da shaida."

"Kana son kujerar Zakara?"

"Tso-tsoronta nake. Na ce su bar min sunana, ma-manaja ya ce ko in karɓa ko in kama hanya."

*

Zakara ya ja shi rumfar mai shayi ta bayan gidan, ya sa aka haɗa musu yadda suka saba.

"Me ya sa ba ka gaya min za ka ajiye aiki ba?" in ji Duba-Ƙasa.

"Ajiye aiki? Ajiye ni aka yi, Dogo. Da wane baki zan faɗa?" Ya juya cokali a kofi. "Ka san yadda na samo sunan nan. Baba ya rantse ɗansa ba zai zama mai saka waƙa ba, ni kuwa na kumbura murya na ɓuya a bayan zakara. Shekara tara yana ɗinki yana saurarena, yana cewa da ma ni ne na haifi wannan. Ban taɓa ce masa ni ne ba. A biki ba a san ni ba, a asibiti layi nake bi. Duk abin da na tara a duniya yana jikin sunan nan, yanzu an ce in tuɓe in miƙa wa mai in'ina."

Duba-Ƙasa ya ji tausayinsa har cikin ƙashi. Ya san duk wannan gaskiya ne, yana nan aka yi.

"To shi me zai yi da akwatin?"

"Ya ɓatar da shi mana! In tsohuwar murya na nan, kullum za a riƙa gwada shi da ni. Ka ga takalman, ka ga jan ƙafar. Kai da bakinka ka faɗa a shirina, sau nawa? Takalmi yakan yi ƙarya, tsawon taku ba ya yi." Ya dafa hannunsa. "Kalma ɗaya Sufeto ke jira. Ka faɗa mu huta."

"Ka san ba na gaggawa tun abin nan."

"Na sani, Dogo. Wannan daban ne."

Abin nan, wani makiyayi ne. Shekara goma sha bakwai da suka wuce Duba-Ƙasa ya nuna shi a kan satar shanu, mutumin ya yi shekara biyu a kurkuku, ya fito da tarin da ya kashe shi, sannan ɓarawon gaskiya ya bayyana. Ko matarsa bai taɓa gaya wa yadda abin ke cin sa ba. A ɗakin Ɗan Tela ya je ya yi kukansa, Ɗan Tela ya riƙe shi har ya yi shiru.

*

Saura mutum ɗaya bai gani ba, Gwaggon Kowa, mai shirin matsalolin gida. Mace ce gajera mai faɗi, ta fi kowa daɗewa a gidan in ban da Zakara da injiniya. Ta ce ya biyo ta ofishinta, suka kama barandar tana gaba tana zuba.

"Ni in ba don sunan nan ba da tuni an ƙone min gida. Ka gaya wa mace mijinta ba shi da gaskiya, ka ga ko ba zai zo neman ka da taɓarya ba. Uwar mijina kullum sai ta ce min, ke da za ki riƙa jin Gwaggon Kowa da kin yi hankali. In ce to, Inna, zan gwada."

Daidai tagar nan, ba tare da ta dubi ƙasa ba, ta tattare zani ta ɗaga ƙafa ta tsallake.

Duba-Ƙasa ya tsaya cak.

"Hajiya, me kika tsallake?"

Ta waiwayo, ta dubi simintin, sai ta fashe da dariya. "Kai, tsufa! Waya ce. Wata ƙatuwar wayar janareta, kaurin hannuna, ta ratsa nan shekara goma sha biyar. Ta kayar da baƙi sun fi ɗari, har da wani mai wa'azi da rawaninsa. Shekara uku ke nan da cire ta, amma ƙafata ba ta samu labari ba."

Ya tsuguna. A gindin bango, hagu da dama, ga tabon siminti inda aka toshe ramukan.

"Yaushe Na-Yamma ya fara aiki a nan?"

"Bara, bayan damina. Lafiya, Malam? Ka ga fuskarka kuwa?"

Duba-Ƙasa ya miƙe. Ya fita ya zauna a kan wani bokitin fenti a tsakar gidan, ya fi rabin awa. Ya nemi hanyar da zai ƙaryata kansa, ya rasa. Ya tuna wanda ya hana a taka barandar. Ya tuna wanda ya ce a kira Dogo, ba wani ba. Ya tuna hira bakwai da aka yi da shi a shirin Zakara, ana ta yi masa tambaya da murya mai daɗi: to in mutum ya sa takalmin wani fa, to in ya rage taku fa. Ashe karatu yake bayarwa bai sani ba. Ya so ƙwarai ya hau kekensa ya tafi, ya ce ido ya tsufa. Amma in ya tafi, takalman shuɗɗan nan kaɗai sun isa su kai mai 'ya'ya huɗu inda makiyayi ya je.

Ya tashi ya roƙi masu fenti su sake barbaɗa masa gari a barandar.

*

Da azahar Sufeto ya tara su a bakin ƙofar ma'aikata: manaja, injiniya, mai gadi, Gwaggo, Na-Yamma da Zakara.

"Kowa zai taka daga nan zuwa situdiyo," in ji Duba-Ƙasa. "Kada wanda ya dubi ƙasa. Ku kalli jar fitilar can ta saman ƙofa, ku yi tafiyarku ta kullum. Tsawon taku zan auna."

Manaja ya wuce yana kaɗe wando. Mai gadi ya wuce yana salati. Injiniya ya wuce sumul, bai ɗaga ƙafa ba. Gwaggo ta tsallake da ƙafar dama, ɗan tsalle gajere, ta haɗe ƙafafu biyu a wuri ɗaya. Na-Yamma ya ja ƙafarsa tun daga farko har ƙarshe, layi ɗaya bai yanke ba.

Zakara ya zo ƙarshe. Ya yi wa Duba-Ƙasa ɗan murmushi, ya buɗe taku sosai, manya-manya, don kowa ya ga ba su yi kama da na ɓarawo ba. Idonsa na kan fitila. Daidai taga, ƙafar hagu ta ɗaga da kanta, ta sauka can gaba da nauyi.

Duba-Ƙasa ya shimfiɗa takardar zanensa kusa da sabon sawun, ya ɗora igiya. Gwaggo ce ta fara ganewa, ta dafe ƙirji.

"Ɓarawon ya sa takalmin Na-Yamma, ya kwaikwayi jan ƙafarsa," in ji Duba-Ƙasa, muryarsa a dushe. "Ya iya sosai. Amma ya tsallake wayar da aka cire shekara uku, Na-Yamma kuwa bai taɓa ganinta ba. Cikinku mutum uku ne suka zauna da wayar nan. Injiniya, kai me ya sa ba ka tsallakewa?"

"Ni na cire ta da hannuna."

"Hajiya da dama take tsallakewa, takunta bai kai rabin wannan ba." Ya naɗe igiyar a hankali. "Saura ɗaya."

Zakara ya waiwayo daga ƙofar situdiyo. Ya dubi sawunsa, ya dubi takardar, ya buɗe baki zai yi dariyar nan da gari ya sani, ba ta fito ba.

"Dogo."

"Ina akwatin?"

Zakara ya sunkuyar da kai.

"Yana bayan motata, ƙarƙashin tayar safaya." Sai ya juya kan manaja, murya ta dawo masa gaba ɗaya. "Muryata ce! Maƙogwarona ne! Ni na yi carar nan ina da mura, na yi ta ranar da aka binne mahaifina! Za ku ɗauki dariyata ku buɗe wa wani shiri da ita, ni ina gida ina ji? Wa ya fara sata a gidan nan?"

Manaja ya dubi silin. A wannan kam kowa ya san Zakara yana da gaskiya.

"Da akwatin kawai ka ɗauka," in ji Duba-Ƙasa, "wallahi da ni zan riƙe maka ƙofa. Da ka zo ka gaya min, da mun je mun yi ta rigima da su har kotu. Amma ka sa takalmin bawan Allahn nan. Sannan ka aika a kira ni."

"Na san in kai ka faɗa ba mai musu."

"Ka sani mana. Ka kuma san makiyayi. A kafaɗarka na yi kukansa, Ɗan Tela. Ka zauna ka lissafa, ka ga ba wanda ya fi dacewa ya sake ɗaure marar laifi sai ni."

"Ba za su daɗe da shi ba, wata nawa ne..."

"Haka na ce a kan wancan."

Na-Yamma ya sulale ya zauna a ƙasa cikin farin garin, ya rufe fuska yana kuka. Gwaggo ta tsuguna kusa da shi tana cewa ya isa, ɗana, ya isa.

Sufeto ya zaro biro da littafi. Ya dubi Zakara. "Ba zan rubuta Zakaran Gari a takardar tuhuma ba. Sunanka na yanka."

Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana magana awa uku kowace safiya ya motsa leɓe, ba abin da ya fito. Gwaggo ba ta sani ba. Injiniya bai sani ba. Manaja ya ce sai ya duba fayil. Idon Zakara ya koma kan Duba-Ƙasa, yana roƙo, ko na me, shi ma ƙila bai sani ba.

Duba-Ƙasa ya faɗi sunan, da na mahaifinsa, a hankali, yadda malaminsu na aji uku yake kira. Sufeto ya rubuta.

"Kai ma zan sa ka a shaidu," in ji Sufeto. "Na ga kun san juna sosai. Me zan rubuta, mene ne kai a wurinsa? Ɗan'uwa? Aboki?"

Duba-Ƙasa ya sa igiyarsa a aljihu. Zakara na kallonsa, shi kuwa bai ɗago ba.

"Rubuta mai bin sawu," ya ce.